Wa zan saurara a kakar zaɓe, masu sharhi ko malaman kimiyyar siyasa?

Tambaya: Malam, ina bin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa dare da rana. Masu sharhi a rediyo da talabijin kullum sai su ce abin da ya faru yau ya sauya komai. Malaman kimiyyar siyasa kuma sai na ji suna cewa yawancin wannan hayaniya ba ta ƙara wa kowa ƙuri'a. Wa ke da gaskiya? Kuma yaya zan bi kamfe ba tare da an yi ta wasa da hankalina ba?

Amsa: Malam, ka taɓo wani tsohon saɓani da ya girmi yawancin masu sharhin da kake saurare. Ra'ayina shi ne, in dai maganar wa zai ci ce, malaman kimiyyar siyasa sun fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abin da ɗan jarida mai bin 'yan siyasa ya sani wanda malamin jami'a bai sani ba, kuma zan zo kansa. Rikicin yana tasowa ne idan ka je neman hasashe wurin mai sharhi, ko ka je neman labarin cikin gida wurin mai lissafi. Yawancin misalan da zan kawo na Amurka ne, domin a can aka fi daɗewa ana auna waɗannan abubuwa da alƙaluma.

A 1940, lokacin da Franklin Roosevelt ke neman wa'adi na uku, wani malami mai suna Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka tare a gundumar Erie ta jihar Ohio. Suka ware mutum 600, suna komawa wurinsu wata bayan wata daga Mayu har Nuwamba, suna tambayar su wa za su zaɓa. Sun je ne da zaton za su ga yadda rediyo da jaridu ke juya kan jama'a. Sai suka tarar kusan rabin mutanen sun riga sun tsai da magana tun kamfe bai kankama ba, waɗanda kuwa suka bar wannan ɓangare suka koma wancan kimanin kashi 8 cikin ɗari ne kawai. Abin da kamfe ya yi wa sauran shi ne ya tayar musu da ra'ayin da dama yake kwance a zuciyarsu. Addinin mutum, abin hannunsa, da ko a birni yake zaune ko a karkara, sun fi duk wani jawabin ɗan takara nuna inda zai dangwala. A 1960 malaman jami'ar Michigan suka ƙara da cewa yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukar jam'iyya a gida, kuma da idonta suke kallon duk abin da zai biyo baya. Shi ya sa mutum biyu za su zauna gaban akwati ɗaya su kalli muhawara ɗaya, kowa ya tashi yana rantsuwa gwaninsa ne ya yi kaca-kaca da ɗayan.

To 'yan tsakiyar nan da ba su da riƙau, me ke motsa su? Abu uku ne suka fi yawan fitowa a bincike: halin da aljihun jama'a ke ciki a shekarar zaɓe, farin jinin shugaban da ke kan kujera, da daɗewar jam'iyyarsa a mulki. Ray Fair na jami'ar Yale ya fara fitar da lissafi irin wannan tun 1978. Alan Abramowitz na jami'ar Emory yana haɗa alƙaluma uku ne kacal: yawan waɗanda suka gamsu da shugaba a tsakiyar shekara, bunƙasar tattalin arziki daga Afrilu zuwa Yuni, da ko jam'iyya mai mulki ta riga ta yi wa'adi biyu. Babu jawabi a ciki, babu talla, babu suɓutar baki.

Dubi 1988. A watan Yuli, bayan babban taron jam'iyyar Democrat, kamfanin Gallup mai binciken ra'ayin jama'a ya nuna Michael Dukakis yana gaban George Bush babba da maki 17. A Nuwamba Bush ya kayar da shi da tazarar kusan maki 8, ya kwashe jihohi 40. An rubuta sharhi mai yawa kan tallace-tallacen da suka ɓata wa Dukakis suna da kurakuran da ya tafka, kuma sun faru. Amma tattalin arziki yana tafiya daidai a shekarar, Ronald Reagan da Bush ke wa mataimaki yana da farin jini, don haka mai duba waɗannan bai yi mamakin sakamakon ba. Andrew Gelman da Gary King sun rubuta maƙala a 1993 kan wannan ɗaurin kai: me ya sa ra'ayin jama'a ke ta hawa da sauka a lokacin kamfe, alhali ana iya hango sakamakon tun da wuri? Amsarsu ita ce kamfe yana koya wa mutane abin da dama zai sa su zaɓi wanda za su zaɓa. Yana tuna wa ɗan jam'iyya jam'iyyarsa, yana tuna wa mai jin jiki wanda ke riƙe da mulki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Shekarar 2024 ta ƙara fito da wannan fili. Jam'iyyar Conservative ta faɗi a Birtaniya a Yuli. Jam'iyyar da ta mulki Botswana tun samun 'yancin kai a 1966 ta faɗi a Oktoba. Democrat ta rasa fadar White House a Nuwamba, jam'iyyar NPP ta sha kaye a Ghana a Disamba. A kowace ƙasa masu sharhi sun ɗora laifin a kan ɗan takara ko masu tsara masa kamfe, kuma kowace ƙasa da nata dalilan. Amma idan ka jera su gefe da gefe, ka ga masu ra'ayin riƙau da masu sassauci duk guguwa ɗaya ta kwashe su, dole ka tambayi abin da ya haɗa su. Tsadar rayuwar da ta biyo bayan annobar korona ce. A Amurka hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022, kuma mutane ba su manta ba.

Kada ka mai da waɗannan lissafe-lissafe abin bauta. Daga 1948 zuwa 2024 zaɓen shugaban ƙasa 20 kawai aka yi a Amurka, wannan kuwa ya yi kaɗan a gina doka a kansa. A 2016 lissafin Abramowitz ya ba Republican ɗan rinjaye a yawan ƙuri'u. Trump ya ci kujerar, amma Hillary Clinton ce ta fi shi ƙuri'a da kusan miliyan 2.9. Allan Lichtman, wanda ya yi suna da ma'aunansa 13, ya ce Kamala Harris ce za ta ci a 2024, ba ta ci ba. Amfanin lissafin shi ne ya gaya maka inda iska ke kaɗawa kafin a fara, don ka san ko ɗan takara ya yi abin a-zo-a-gani ne ko kuwa lokaci ne kawai ya zo masa daidai.

Su kuma masu sharhi, ban ɗauke su maƙaryata ba. Aikinsu ne ya ɗaure su. Wanda aka ba wa awa guda kullum ba zai iya buɗe baki ya ce yau ba abin da ya sauya ba, ko da kuwa hakan ce gaskiyar a yawancin ranaku. Dole ya samo labari, kuma labarin da ya fi sauƙin samu shi ne wa ke gaba, wa ke baya, wa ya yi katoɓara. Thomas Patterson na jami'ar Harvard ya ƙirga rahotannin manyan kafafen Amurka a babban zaɓen 2016, ya ga kashi 42 cikin ɗari kan tseren ne, manufofin 'yan takara kuwa kashi 10 suka samu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mai zaɓe yakan kai ranar zaɓe ya san wa ke gaba a jihar da bai taɓa takawa ba, amma bai san abin da ɗan takara zai yi da harajinsa ko makarantar 'ya'yansa ba. Philip Tetlock ya shafe kusan shekara 20 yana tattara hasashen ƙwararru 284 kan siyasa da tattalin arziki, yana jira ya ga abin da zai faru. Ya gano cewa waɗanda suka fi magana da cikakken tabbaci, masu fassara komai da ra'ayi guda, su ne suka fi yawan kuskure, kuma irin su kafafen yaɗa labarai suka fi son gayyata.

Ga misali ɗaya da nake so ka riƙe, domin zai hana ka faɗuwar gaba sau da yawa. Ranar 3 ga Oktoba, 2012, Barack Obama da Mitt Romney suka yi muhawararsu ta farko a Denver. Obama ya fito a sanyaye, yana yawan sunkuyar da kai, kowa ya yarda Romney ya fi shi. Cikin 'yan kwanaki ƙuri'un jin ra'ayi suka karkata ga Romney, aka ce zaɓe ya juya. A daidai lokacin, Gelman da wasu masu bincike suna da wata hanya ta dabam: suna yi wa mutanen da ke wasa da na'urar Xbox tambaya, mutum ɗaya a tambaye shi yau a sake tambayarsa bayan kwanaki. Sai suka ga waɗanda suka sauya ra'ayi ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya sauya shi ne wanda ke yarda ya amsa. Ka ƙaddara waya ta yi ƙara a gidan mai goyon bayan Obama washegarin muhawarar. Ransa a ɓace yake, da ya ji an ce tambaya ce kan zaɓe sai ya kashe wayar. A gidan maƙwabcinsa ɗan Republican kuwa, har kujera zai jawo ya zauna ya amsa. Ba wanda ya sauya sheƙa a cikinsu, amma alƙaluma sun motsa. Obama ya ci da tazarar kusan maki 4.

Ashe ke nan kamfe ɓata kuɗi ne? A'a. Joshua Kalla da David Broockman sun haɗa gwaje-gwaje 49 a 2018, suka ga cewa a babban zaɓe, ƙoƙarin shawo kan mutum ya bar ɗan takararsa ta hanyar wasiƙa, waya ko ziyara kusan ba ya haifar da komai. Wani gwaji da aka yi da tallan talabijin na gwamna Rick Perry a Texas a 2006 ya nuna tallan yana tasiri, amma tasirin yakan gushe cikin kamar mako guda. Inda kamfe ke da ƙarfi shi ne fito da mutane. Alan Gerber da Donald Green sun gwada a birnin New Haven a 1998: wasu gidaje aka aika musu wasiƙa, wasu aka buga musu waya, wasu aka je har ƙofa aka yi sallama. Ziyarar ido da ido ta ƙara fitowar masu zaɓe da kimanin maki 8, wasiƙa ta ƙara ɗan kaɗan, wayar kuwa ba ta yi wani tasiri ba. Wannan aiki ba ya fitowa a labarai, domin babu abin ɗauka a hoton matashi riƙe da takardar sunaye yana bin layi gida-gida. Ka kuma tuna ɓangarorin biyu duk suna kamfe, ƙoƙarin wannan yana cinye na wancan. Da ɗaya zai naɗe hannu, da an ga bambanci.

Sannan akwai shekarun da tazarar ba ta kai ta kawo ba. A 2000 ƙuri'a 537 a Florida ce ta ba George Bush ƙarami kujerar. A 2016 ƙasa da ƙuri'a 80,000 a Michigan, Wisconsin da Pennsylvania. A 2020 Joe Biden ya fi Trump da ƙuri'a miliyan 7 a faɗin ƙasa, amma kimanin 43,000 ne suka raba su a Arizona, Georgia da Wisconsin. A irin wannan zaɓe ƙaramin abu ma yana iya yanke hukunci, har da wasiƙar da shugaban FBI James Comey ya aika wa majalisa ranar 28 ga Oktoba, 2016 kan saƙonnin imel na Clinton. Sai dai idan abu goma kowanne ya isa ya juya sakamako, wanda ya ɗauki ɗaya ya ce shi ne dalili, zaɓin ransa ya yi.

Inda ɗan jarida ya fi malami shi ne abin da ke gudana tsakanin manya. Muhawarar Biden da Trump ta 27 ga Yuni, 2024 ba ta motsa ra'ayin jama'a da yawa ba, amma ta girgiza 'yan majalisa, masu ba da kuɗi da jiga-jigan jam'iyya, har Biden ya janye ranar 21 ga Yuli. Babu lissafin da zai hango maka wannan. Wanda ke da lambar wayar mutanen cikin ɗakin ne zai gaya maka. Saboda haka ka bambance mai kawo rahoto da mai zuba ra'ayi. Na farko yana cewa wane ya gana da wane, an yi alkawarin kaza. Na biyu yana cewa jikina ya ba ni. Ka ba na farko kunnenka. Na biyun kuwa, rubuta hasashensa da kwanan wata ka ajiye, bayan zaɓe ka duba.

Wannan ya fi muhimmanci a ƙasashen da jam'iyyu ba su yi jijiya ba, inda ɗan siyasa kan kwana a wannan ya tashi a waccan. A nan haɗewa da rabewar manya ita ce babbar alama. Daniel arap Moi ya ci zaɓen Kenya a 1992 da kimanin kashi 36 cikin ɗari, a 1997 da kimanin 40, saboda 'yan adawa sun rarrabu. Da suka dunƙule a 2002, Mwai Kibaki ya ci da sama da kashi 60. A Najeriya, haɗakar da ta haifar da APC a 2013 da ficewar gwamnoni biyar daga PDP a ƙarshen shekarar sun faɗi abubuwa da yawa game da 2015 tun ba a kafa allon talla ko ɗaya ba. A 2023 kuma Atiku Abubakar, Peter Obi da Rabi'u Kwankwaso, waɗanda a 2019 suna inuwa ɗaya, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ƙuri'unsu a haɗe sun haura miliyan 14, Bola Tinubu ya ci da kimanin miliyan 8.8. Ba lallai ne da sun haɗu duk ƙuri'un su bi mutum ɗaya ba, amma rabuwar ita ce labarin zaɓen.

Ka kuma san dokar ƙirga kafin komai, domin ita ke faɗa wa 'yan takara inda za su je. A Amurka wakilan zaɓe 538 ne ke zaɓen shugaba, ana neman 270, kuma in ban da Maine da Nebraska, wanda ya ci jiha ya kwashe wakilanta duka. Shi ya sa ake barin California da Texas a tare a jihohi shida ko bakwai. A Najeriya sai ka fi kowa ƙuri'a, ka kuma samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. A Faransa zagaye biyu ake yi, kuma ranar 21 ga Afrilu, 2002 masu ra'ayin gurguzu da ƙawayensu suka rarraba ƙuri'a a tsakanin 'yan takararsu da dama cikin 16 da suka tsaya, babban ɗan takararsu firaminista Lionel Jospin ya faɗo na uku a bayan Jean-Marie Le Pen da ƙasa da maki ɗaya. A Ghana a 2008 Nana Akufo-Addo ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, John Atta Mills ya ci na biyun da kimanin ƙuri'a 40,000.

Game da ƙuri'ar jin ra'ayi, yawan waɗanda aka tambaya ba shi ne inganci ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10, aka mayar mata da sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen ta samo su ne daga kundin masu waya da masu mota a lokacin da talauci ya yi katutu, kuma masu jin haushin Roosevelt sun fi ɗokin mayar da amsa. Don haka ka tambayi wa ya biya kuɗin binciken, su wa aka tambaya, ta wace hanya, a wace rana. Idan an tambayi mutum 1,000, kuskuren da ake sa rai kimanin maki 3 ne sama ko ƙasa ga kowane ɗan takara, a tazarar da ke tsakanin biyu kuwa ya kusa ninki. Wanda ke da 48 da mai 46 kunnen doki suke. Kada ka bi guda ɗaya, ka duba matsakaicin da yawa, ka jira mako biyu bayan kowane babban lamari kafin ka yarda wani abu ya motsa. Ka sani kuma dukansu suna iya kuskure ta fuska ɗaya: a 2016 binciken jihohi da dama bai ba marasa digiri nauyin da ya kamace su ba, kuma su ne suka fi karkata ga Trump. Shafin hasashen zaɓe na FiveThirtyEight ya ba Trump damar kashi 29 cikin ɗari a jajibirin zaɓen, abin da ke nufin kusan sau ɗaya cikin uku, amma mutane suka karanta shi kamar an ce ba zai yiwu ba. Inda kuma fitowar jama'a ta yi ƙasa, kamar kimanin kashi 27 cikin ɗari a Najeriya a 2023, sanin wanda mutane ke so bai wadatar ba, sai ka san wanda zai tashi ya je rumfa. Cikar filin gangami da yawan mabiya a intanet ba sa amsa wannan tambaya.

Saura daren sakamako, inda aka fi ruɗa mutane. Ƙuri'u ba sa isowa a gauraye, yanki-yanki suke zuwa, kuma kowane yanki da inda ya karkata. A 2020 dokar Pennsylvania ta hana a fara buɗe ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya kafin ranar zaɓe, 'yan Democrat kuwa su suka fi amfani da wannan hanya saboda korona. Daren 3 ga Nuwamba Trump yana gaba a jihar da dubban ɗaruruwan ƙuri'u, tazarar ta yi ta narkewa har Biden ya ci da kimanin 80,000, aka kuma bayyana shi a matsayin wanda ya yi nasara ranar Asabar 7 ga wata. Masana sun yi gargaɗin haka zai faru makonni kafin ranar. Don haka kafin a fara sanarwa, ka nemo sakamakon zaɓen da ya gabata yanki-yanki ka ajiye a gabanka. Duk yankin da aka sanar, ka kwatanta shi da na baya. Idan ɗan takara ya samu kashi 60 a wani wuri a wancan karo, yanzu ya samu 55, za a ce ya lashe wurin, amma ƙuri'a ya zubar, kuma idan ka ga irin haka a yankuna huɗu ko biyar da ba su yi kama da juna ba, ka riga mai sharhi sanin inda zaɓen ya dosa.